Dokar Yoyo

Ruwa ake yi tun jiya, irin na Agusta wanda ba ya tsawa kuma ba ya gaggawa, sai dai ya zauna wa Duwala a ka kamar baƙon da bai zo da niyyar tafiya ba. Ina zaune a barandar gidana a unguwar Yassa, ƙafafuna a bushe, rufina ko ɗigo ɗaya ba ya yi. Aisatu ta ce in gode wa Allah, kuma na gode. Sai dai tun makon jiya akwai wani ɗan guntun kwali a aljihun rigata, bai fi farcen babban yatsa ba, kuma duk sa'ad da hannuna ya taɓa shi sai in tsinci kaina a tsohuwar unguwarmu New Bell, ruwa har ƙwauri, ina fama da yadda zan yi a cinye ni a wasa.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan. Gidan haya muke zaune a wani lungu bayan masallacin unguwa, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Ni da Aisatu da 'ya'yanmu biyu muna ɗakin ƙurya. Sabi'u tela da matarsa Rakiya da 'yarsu Bilki da jaririn goye suna na bakin ƙofa, shagonsa kuma shi ne ɗan ɗakin da ke kallon lungu. Ni haifaffen Duwala ne, kakana ne fatauci ya kawo, na yi makarantar Faransanci, ina akawu a wani ofis na masu fito da kaya daga tashar jiragen ruwa. Shi kuwa Sabi'u a goye aka kawo shi daga Kano. A nan ya yi wayo, a nan ya koyi ɗinki, a nan ya yi aure, in ana faɗa da Faransancin kasuwa ni ɗalibinsa ne. Amma ka tambaye shi ɗan ina ne, sai ya ce Najeriya, ya daki ƙirji har ka tausaya wa ƙirjin. Bai taɓa kirana Amadu ba, Ɗan Faransa yake ce mini. Ni kuma Oga nake ce masa.

Gaisuwarmu ta safe kanta tsokana ce.

"Ɗan Faransa, yaya ƙaramar ƙasa ta kwana? An ƙirga ku, kun cika?"

"Mun cika, Oga. In taku ta yi daɗi haka, me kake yi a lungunmu kana cin bobolo?"

"Agaji na kawo. Duk Kamaru babu wanda ya iya ɗinka wuyan riga."

Bobolon nan, rogon da ake ƙullewa a ganye a dafa, ya fi ni cin sa, amma kullum sai ya rantse shi ke hana 'yan Kamaru tsayi. Ranar da ƙasashen biyu suka haɗu a ƙwallo, rediyo ɗaya muke kasa wa kunne, wanda aka ci ya sayi tsire, wanda ya ci kuma ya hana shi sakat har sai wata maganar ta taso.

Wasan ya shigo gidanmu ne ta hanyar wauta tawa. Wani Bature da ke zaune a unguwar Bali ya tashi komawa ƙasarsu, kukunsa ya baza tarkacen gidan a bakin titi yana sayarwa. Fanka aka aike ni in duba, na dawo da akwatin kwali. Har yau in Aisatu ta ji zafi sai ta tuna mini. A cikin akwatin akwai taswira mai ninki, an zana ta gida-gida kamar saƙar zuma, da koguna da dazuzzuka da garuruwan da harshe ba ya iya furtawa. Akwai sojoji na guntayen kwali, ja da shuɗi, kowanne da lambar ƙarfinsa, kowane ɓangare kuma da kwamandansa mai alamar tauraro. Sai ƙwayar ludo da littafin dokoki da Faransanci. Muka shimfiɗa taswirar a teburin da Sabi'u ke yanka yadi. Ya ɗebi sojojin ya auna a hannu.

"Jajayen sun fi yawa," ya ce. "To Najeriya ce. Ɗauki shuɗinka."

Ni ke karanta doka, shi ke gardama da ita. Babin da ya fi ɗaure mana kai shi ne na lokacin sanyin Turawa. Wasan zagaye-zagaye yake tafiya, kowane zagaye wata guda, in aka shiga watannin ƙanƙara sai komai ya sauya. Soja ya rage tafiya, motoci su ƙi tashi sai ƙwaya ta yarda, kogi ya daskare a taka shi a ƙetare. Mafi muni, duk rundunar da aka yanke daga hanyar da abinci ke zuwa mata daga gida, kowane zagaye sai ƙarfinta ya ragu, ba harbi ba faɗa, har ta ƙare a ɗauke ta daga taswira. Mu kuwa ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda ake fasawa a kan kifi a kasuwa.

"Wato mutum yana tsaye kawai sai ya ƙare?" in ji Sabi'u.

"Haka Bature ya rubuta."

"Allah ya kyauta. Mu dai a Najeriya sai an taɓa mu."

Muka yi rani guda muna bugawa tsakanin la'asar da magariba, yau ni, gobe shi. Ban san lokacin da na fi jin daɗin duniya kamar wannan ranin ba.

Daminar da ta biyo baya ta zo ta tarar da gari a kwance. An zabtare mana albashi, ragowar ma ba ta zuwa kan kari. Kasuwanni sai su wayi gari a rufe, a yi kwanaki ba a buɗe ba. Mutumin da bai ci ba kuwa ba ya kai ɗinki, sai keken Sabi'u ya yi shiru. A kan wannan kuma ƙasashenmu biyu suka fara harare-harare na gaske a kan wani yanki na iyaka da ni da shi ba mu taɓa gani ba. Masu duba takardun zama suka yawaita a manyan tituna, Sabi'u ya daina ɗaukar huluna da rigunan yara yana kewaya gari da su. Wani dattijo a masallaci ya ja ni gefe ya ce mu daina kiran guntayen kwalin nan Kamaru da Najeriya, kunne yana da yawa. Muka rage murya, amma ba mu daina ba.

Sannan ruwa ya sauko. Wanda bai yi damina a tsohon New Bell ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Da asuba kafin ka yi salati sai ka zura ƙafa daga kan gado ka ji ina ruwa ya kai. Gadajen duk a kan bulo suke, buhu a kan ganga, Alƙur'ani da takardun haihuwa a cikin leda can saman katakon rufi. Aisatu a cikin ɗankwalinta take kwana da ashana don kada ta yi sanyi. Masallaci ta kan katakan da aka jera bisa duwatsu ake zuwa, mutum ɗaya bayan ɗaya, wanda santsi ya kwashe sai ya koma gida ya sake tufa, in yana da busasshiya. Bayan salla maza su ɗauki shebur da bokiti a nufi babban lambatu, mu da Fulani da maƙwabtanmu 'yan kudu, a yi ta kwashe leda da yashi da abin da baki ba ya faɗa don ruwa ya samu hanya. Sabi'u ne kullum a gaba, ruwa har ƙugu, yana ihu cewa a shaida Najeriya ce ke yi wa Kamaru yasa. Kafin azahar lambatun ya sake toshewa.

Mata kuwa wuninsu kwasar ruwa ne daga ɗaki da ƙaramin kwano, da faɗa da gawayin da ya jiƙe, hayaƙi kawai yake yi yana sa yara tari. Rijiya ta haɗe da ruwan lungu, muka koma tarar na sama a ganga. Wanki ba ya bushewa, sai ya yi wari a igiya a sake wankewa. Takalmin da nake zuwa ofis da shi ya yi fumfuna kore, gishiri ya narke a kwalba, tsakanin yatsun ƙafar kowa ya yi fari ya tsage. Ga sauro. Ga ƙarar ruwa a kan kwanon rufi wadda ba ta yankewa, har in ta tsaya na ɗan lokaci kunne ya ci gaba da jin ta. Yunwar damina kuma daban take da kowace yunwa, don cikin sanyi da jiƙa take kama mutum, ta sa shi hamma da saurin fushi.

Mu abin da ya rufa mana asiri shi ne yayan Aisatu, direban babbar mota, wanda ya sauke mana buhun masara da ɗan wake daga arewa kafin hanya ta lalace. Gidan Sabi'u ba su da kowa. Ta bango muke jin Bilki tana kuka, Rakiya tana lallashinta da cewa tukunya ta kusa nuna, alhali tun safe ba mu ga hayaƙi a ƙofarsu ba.

Aisatu ta zuba tuwo a kwano ta aika. Kwanon ya dawo da guntun sabulu a ciki, don ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam, kowa ya san wannan, Rakiya kuwa ba matar da za ta bari a ce ba ta sani ba ce. Na biyu ya dawo da ɗan sukarin da take ajiye wa jariri. Na uku da ɗankwalinta mai kyau, a ninke. Aisatu ta zauna a bakin gado da ɗankwalin a cinya.

"Baban Nafi, kwanon nan cutar su yake yi," ta ce. "Kowane tuwo sai sun saya da abin da ya fi shi. In na sake aikawa, zanen jikinta za ta sa."

Na san in na tunkari Sabi'u da maganar taimako, ƙofar shagonsa zai nuna mini. Abin da nake so guda ɗaya ne, gidan nan su kai ƙarshen damina a New Bell, cikinsu da ɗan abu, ba tare da kan maigidan ya sunkuya ba. Da la'asar na shiga shagon na shimfiɗa taswira.

"Oga, wasan nan ya zama na yara. Yaƙi babu diyya ai ba yaƙi ba ne."

"Ka ce caca kake so, Ɗan Faransa, in kai ka gaban liman."

"Ba caca ba ce. Ƙasar da aka ci ita ke ciyar da sojojin da suka ci ta. Kwano guda na abincin yamma. Kuma kwanon diyya wayam yake komawa, ko tsinke ba a sa masa. C'est la loi."

"Doka ce, ka ce? A littafin take?"

"Shafin ƙarshe," na ce, ko kunya ban ji ba.

Ya juya ƙwayar a tafin hannu. Sannan ya ce in gaya wa Madam ta ɗora tukunya tun yanzu.

Ashe a cinye mutum ma aiki ne. Sabi'u da zuciya yake wasa, ya kwashi runduna ya afka inda ko mahaukaci ba zai shiga ba, sai na yi da gaske nake kauce wa nasara. Dokar ƙanƙara ce ta cece ni. In na ga watannin sanyi sun matso, sai in tashi da cika baki in tura shuɗin sojojina can tsakiyar daji, nesa da hanya, ina cewa zan zagaye shi ta baya. Shi kuma ya datse hanyar da runduna ɗaya ya harɗe hannu. Zagaye na bin zagaye ina ɗauke mutanena da kaina ina jefawa a akwati, ina tsaki, ina zagin ƙwaya.

"Jama'a ku zo ku ga 'yan Kamaru!" yake cewa. "Sun tafi yawon shan iska cikin ƙanƙara da silifas. Ashiya, mon frère, sannu ɗan'uwana. Allah ya jiƙan maza."

Ni da kaina nake kai kwanon kafin magariba, in rusuna in ajiye. Ya buɗe ya shinshina, ya gutsiri loma ɗaya.

"Tuwon ƙasar da aka ci da yaƙi. Ko gishirin kirki babu. Bilki, zo ki kai wa uwarki, ta ga abin da muke fama da shi."

Lomar nan ɗaya ita ce rabonsa, na lura. Da safe kwanon ya dawo a wanke, wayam, ban taɓa murnar ganin kwano babu komai ba kamar lokacin. Kukan Bilki ya ragu. Namu tuwon kuma ya fara sirancewa, daga tuwo ya koma ɗan malmala, wata rana kunu. Nafi ta tambaye ni don me kullum Kamaru ake ci, na ce mata kocinmu ne ba shi da kyau.

Rufin shagon yana yoyo ta kusurwa ɗaya, daidai gefen da nake zama. Wata rana ɗigo ya faɗo tsam a kan wani sojana, kwalin ya kumbura. Sabi'u ya yi tsalle.

"Tsaya! Ƙanƙarar nan ta Bature ce, mu namu ruwa ne. Daga yau duk sojan da ɗigo ya faɗa wa ya mutu. Dokar yoyo. Ta New Bell ce, ba ta littafinka ba."

Na amince da sauri har da tafi, tunda a kaina yoyon yake. Rufin ya zama abokin aikina. Wani lokacin ma da gwiwa nake ɗan tura teburin don ɗigon ya sami wanda zai kashe.

Haka muka tafi har damina ta yi tsakiya. Ranar da abin ya faru, da hantsi aka yi iska mai ƙarfi wadda ta ɗaga kwanukan rufi a lungu ta mayar da su ba daidai ba. Ban kawo komai a raina ba. Da la'asar muka zauna, ƙafafu a kan benci saboda ruwan da ke ƙasa, na tura mutanena daji kamar kullum. Sai ga ɗigo a gefensa. Ya faɗa kan babbar rundunarsa, wadda ta datse mini hanya. Muka ɗaga kai tare. Tsohon ramin da ke kaina ya rufe, wani sabo ya buɗe daidai kan jan sojoji, kuma wannan ba ɗigo yake yi ba, jere yake zubowa.

Na kama teburin zan ja. Ya danne shi da hannu biyu.

"Ina za ka kai shi?"

"Taswirar za ta lalace, Oga."

"Da a kanka yake zuba ba ta lalace ba. Bar shi."

"Dokar nan ma ai ba ta cikin littafi. Mu soke ta."

"Kai ka tafa mata. Doka doka ce."

Muna zaune muna kallo ruwan ya bi jan sojoji ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana tsince su yana jefawa a akwati, fuskarsa ba dariya ba fushi. Hanyata ta buɗe da kanta. Kafin a kira magariba ba abin da ya rage masa sai kwamanda, shi kaɗai, shuɗi kewaye da shi ta ko'ina. Ko makaho ya san an gama.

"Kamaru ta yafe diyya," na ce. "Albarkacin maƙwabtaka."

"Najeriya ba ta karɓar yafiya daga ƙaramar ƙasa," ya ce. "Gobe ka ce wa Madam kada ta wahalar da gawayinta."

Washegari dole na tafi ofis, don an ce wataƙila a biya wani abu. Ba a biya ba. Na dawo da yamma a jiƙe, tun daga bakin lungu na ji ƙanshin da na manta da shi, na soyayyen nama da albasa. Aisatu na tsaye a ƙofar ɗakinmu, idonta ja. A gabanta babban kwanon Rakiya ne na biki, shinkafa har baki, miya ja, nama a sama. Ta ce da hantsi ta ga Sabi'u ya fita da wani abu mai nauyi a ka, an lulluɓe da leda, yana taka katakan nan a hankali.

Na faɗa shagon. Teburin keken yana nan, da ramin da kan keken yake zama.

"Oga, ina keken?"

"Ya tafi biyan diyya."

"Ka haukace? A kan wasan kwali? Da me za ka ci abinci in gari ya buɗe?"

"Zauna, Amadu."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Na zauna.

"Ka ɗauka ban sani ba?" ya ce. "Mutumin da ya yi rani guda yana ba ni wuya, rana ɗaya ya koma tura sojoji daji ana gobe ƙanƙara? Tun kwano na biyu na gane. Na yi shiru don Bilki ta ci. Allah ya saka maka, kai da Madam. Amma Rakiya ta shiga ɗakinku ɗibar wuta ta ga buhun. Ya kwanta, mon frère. Gida ɗaya zai kai ƙarshen damina, ba zai kai biyu ba."

Na ce za a biya albashi, na ce hanya za ta gyaru yayan Aisatu ya dawo, na ce abubuwa da yawa waɗanda ni kaina ban yarda da su ba. Ya bar ni na gama.

"Kai ka karanta mini dokar," ya ce. "Wanda aka yanke daga hanyar gida, tsaye yake ƙarewa. To ni ba zan tsaya in ƙare in ƙarar da kai ba. Abin da ya rage na keken zai kai mu Kano. Akwai ƙanen babana a can."

"Kanon da ka baro a goye? Ka ma san hanyar gidanku?"

"Zan tambaya," ya ce. "Da Faransanci."

Ya yi dariya, ni ban iya ba. A shagon muka ci abincin gaba ɗaya, gida biyu, ƙafafu a kan benci. Yaran suka ci har suka yi shiru, maiƙo har gwiwar hannu, Nafi tana cewa ashe gara Kamaru ta riƙa ci. Sabi'u yana ta tura mini nama yana cewa in ɗanɗana girkin manyan ƙasashe.

Da safe Aisatu ta wanke kwanon ta cika shi da wake, kusan duk abin da ya rage mana, ta rufe da faifai ta nufi ƙofarsu. Sabi'u ya tare ta a tsakar gida, cikin ruwa. Ya ɗaga faifan ya duba.

"Wayam, Madam," ya ce a hankali. "C'est la loi."

Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta koma ta juye waken a buhu, ta dawo ta miƙa wa Rakiya kwanon da hannu biyu, su biyun suna kuka ba mai kallon wata.

Ba su ƙara mako ba. Muka raka su tashar jirgin ƙasa da kaya a ka, ana yayyafi. Da za su shiga, Sabi'u ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini jan kwamandan nan mai tauraro.

"Sojoji ka ci, Ɗan Faransa. Kwamanda ya tsere. Najeriya ba ta miƙa wuya ba. In rani ya yi zan dawo da shi mu ƙarasa."

Buhun ya kai mu ƙarshen damina, daidai kamar yadda ya faɗa, kuma na tsani hakan har yau. Rani ya yi bai dawo ba. Ranin da ya biyo ma haka. Labarinsa a bakin fatake nake ji: ƙanen uban ya karɓe su da fuska biyu, jaririn bai kai shekara ba, shi kuma yana ɗinki a keken wani ana ba shi na abinci. Bai sake mallakar shago ba. Da wayar hannu ta zo muka sami juna, in an yi ƙwallo sai ta yi ƙara tun kafin alƙali ya busa.

"Ɗan Faransa, kwamanda yana gaishe ka. Yana nan cikin ƙoshin lafiya."

"Ka kawo shi ya fuskanci shari'a, Oga."

"Sai na gama shiri."

A waya ne ya gaya mini, yana dariyar da ba ta kai ciki ba, cewa a unguwarsu ta Kano ba wanda ya san shi da Sabi'u. Ɗan Kamaru suke ce masa. Ya tambaye ni ko har yanzu matar nan tana sayar da bobolo a bakin lungu. Na ce ta rasu. Daga baya idonsa ya raunana, kiran ya ja baya, sai ya zama ni ke kira, wata rana a ɗauka wata rana a'a. Nakan ce in na yi ritaya zan je. Na yi ritaya, sai gini, sai ciwon ƙafa, sai damina.

New Bell har yanzu tana cika da ruwa, na gani a wayar ɗana, lungunmu ne ma, sai dai katakan sun zama na wasu. Shi ɗan nawa yaƙinsa a waya yake yi da mutanen da bai taɓa gani ba, ya ce zai koya mini. Na ce ya bari. Akwatin kwalin yana saman kabad tun da muka tare a nan, ban taɓa samun wanda zan buɗe shi da shi ba.

Makon jiya ana tsaka da ruwa ɗan acaba ya sauke wata mata a ƙofata, babba, mai jiki, da mayafi a jiƙe. Ta durƙusa ta gaishe ni da Hausar Kano tsantsa. Sai da ta ce ita ce Bilki sannan na ga idon ubanta. Ta biyo 'yan kasuwa ne da atamfa, ta yi ta tambaya a New Bell har aka kwatanta mata Yassa. Aisatu ta rungume ta. Ni kuwa tun kafin ta faɗa na sani, don ba a yin irin wannan tafiyar saboda gaisuwa. Farkon daminar nan ne ya rasu, ta ce, bayan ɗan gajeren ciwo. Muka yi addu'a.

Sannan ta kwance bakin mayafinta, ta fito da wani abu a naɗe cikin leda, ledar kuma cikin ƙyallen yadi mai ɗinkin hannu.

"Kawu, Baba ya ce in Allah ya kawo ni in ba ka wannan hannu da hannu. Ni ban san ko mene ne ba, kullum yana cikin hularsa. Ya ce kuma in faɗa maka magana, ya sa na maimaita har sai da na riƙe."

Jan ya koɗe ya koma kalar ƙasa, gefunan sun lanƙwashe, amma tauraron yana nan.

"Me ya ce?"

"Ya ce in ce wa Ɗan Faransa, Najeriya ta miƙa wuya."

Aisatu ta ce in sauko da akwatin in mayar da shi cikin 'yan'uwansa, tunda nan ne wurinsa. Na sauko da shi, na buɗe, na ga jajayen nan da suka kumbura tun waccan la'asar. In na sa shi, akwatin ya cika, ba abin da ya ɓace, wasan ya ƙare. Na rufe akwatin na mayar saman kabad. Kwamandan yana aljihuna, kuma ban karɓi miƙa wuyan ba.